Daren da Muka Ci Abinci a Victoria & Albert's na Disney World

Duk wanda ya taɓa yini a Walt Disney World, katafariyar harabar filayen wasa da otal-otal da ke kusa da birnin Orlando na jihar Florida a Amurka, ya san irin cimar da ta yi suna a wurin: gugguru a bokitin roba, cinyar talotalo da ake gaguya a tsaye, askirim mai siffar kunnuwan Mickey, ɓeran nan na zanen Disney, da ke narkewa a hannun yaro kafin ya sha rabi, da soyayyen dankalin Turawa da ake ci cikin gaggawa don kada layin lilo ya ƙara tsawo. Saboda haka ba laifi ba ne idan mutum ya yi tantama da aka ce masa a cikin wannan harabar akwai gidan abincin da sai an sa kayan fita kunya kafin a shiga, ana zama awa uku zuwa huɗu a kan tebur, kuma ana biyan abin da zai ishi gida guda cefanen wata. Ni ma da tantamar na tafi. Sunan wurin Victoria & Albert's, yana saman benen otal ɗin Grand Floridian, kuma ni da uwargida mun ci abincin dare a can a farkon shekarar 2023, bayan mun bar yara a hannun ƙanwarta.

An buɗe shi ne a 1988 tare da otal ɗin da yake ciki, wato wani farin gini mai jan rufi da aka yi shi a kan salon otal-otal na bakin teku na zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901, kuma sunanta da na mijinta Yarima Albert aka laƙaba wa gidan abincin. A shekarun farko har akwai wata al'ada ta wasa, inda duk ma'aikaciyar da ke hidima a tebur ke amsa sunan Victoria, duk namiji kuma Albert, amma an daɗe da barin wannan, kuma a ganina barinsa ya fi, domin abin da ke cikin faranti ya wuce a haɗa shi da wasan kwaikwayo. Tun daga shekarar 2000 yake riƙe da lambar lu'ulu'u biyar ta ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA. An rufe shi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ba a sake buɗewa ba sai ƙarshen Yulin 2022 bayan an yi masa kwaskwarima. A watan Afrilun 2024 kuma, fiye da shekara guda bayan zuwanmu, ya sami tauraro ɗaya na Michelin. Wanda ya san wannan sunan a jikin tayar mota kawai bai yi kuskure ba, kamfanin Faransa ɗin ne dai ya fara buga littafin jagora ga direbobi a 1900, daga baya ya koma tantance gidajen abinci, har taurarinsa suka zama abin da manyan kukuna ke kwana suna tashi da shi. Littafin bai fara leƙa Florida ba sai 2022, kuma wannan ne karo na farko da gidan abinci mallakar wani filin wasanni a Amurka ya sami tauraron.

Wahalar farko ita ce samun tebur. Disney na buɗe ƙofar kama wuri kwana 60 kafin ranar da ake so, kuma da yake teburan babban ɗakin ba su kai 20 ba, wanda ya yi jinkiri sai dai ya ji labari. Ba a karɓar yaron da bai kai shekara 10 ba, doka ce da aka kafa tun 2008, kuma a wurin da aka gina kacokan domin yara wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tsarin biyan kuɗin abinci a dunƙule da Disney ke sayar wa baƙin otal-otal ɗinsa ba ya aiki a nan. Abin da ya sauƙaƙa shi ne ba a buƙatar tikitin shiga filin wasa, tunda gidan abincin a otal yake, kuma ba dole ne mutum ya kasance ya sauka a otal ɗin ba.

Kafin ranar, an tuntuɓe mu ana tambayar ko akwai abin da ba ma ci, ko kuma wani abin murna da ya kawo mu. A nan ne Musulmi ya kamata ya buɗe baki ya yi bayani dalla-dalla, kada ya tsaya a kan cewa ba ya cin naman alade kawai, domin girkin Turawa na wannan mataki yana da lunguna da yawa. Ana zuba giya a cikin romon da ake dafawa har ya yi kauri a malala a kan nama ko kifi, ana jiƙa wasu kayan zaƙi da barasa, kuma sinadarin gelatin da ake daskarar da madara da shi sau da yawa daga fata ko ƙashin alade ake samo shi. Mun rubuta musu cewa ba ma shan giya kuma ba ma son a yi mana girki da ita, ba ma cin alade da duk abin da aka samo daga gare shi, sannan tunda ba mu da tabbacin yankan naman, a tsaya mana a kan kifi da kayan teku da ganyayyaki. Da muka zauna, mai hidimar teburinmu ya maimaita mana waɗannan sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya duba takarda ba, kuma daga lokacin hankalin uwargida ya kwanta. Akwai kuma batun sallah, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai an zauna. A lokacin sanyi rana kan faɗi a Orlando wajen ƙarfe 5:30 zuwa 6:00 na yamma, don haka muka yi magariba kafin mu fito, amma a tsakiyar shekara faɗuwar rana kan kai kusan 8:30, wato tsakiyar cin abinci ke nan, kuma wanda zai je a lokacin gara ya yi lissafinsa tun daga gida.

Game da sutura, a da sai namiji ya sa kwat, yanzu kuma abin da ake nema shi ne shiga ta mutunci irin ta zuwa babban taro. Ni farar shadda na sa da hula, ita kuma leshi da ɗaurin kai, kuma babu wanda ya yi mana kallon baƙi. Abin dariyar shi ne hanyar zuwa. Mun hau jirgin nan mai tafiya a kan dogo ɗaya da ke zagaye tafkin da ke gaban Magic Kingdom, ɗaya daga cikin filayen wasan harabar, muna tsaye cikin ƙamshin turare a tsakanin iyalai masu gajeren wando, da kekunan jarirai, da yaran da suka yi barci da balan-balan ɗaure a wuyan hannu. Wata yarinya ta daɗe tana kallon ɗaurin kan uwargida, ina jin ta ɗauka ɗaya daga cikin gimbiyoyin wurin ce ta tashi daga aiki.

Da aka rufe ƙofa a bayanmu, abin da ya fara bugun mu shi ne shiru. Babu taga da ke kallon fadar nan mai tsini da ke jikin kowane hoton Disney, babu mutum-mutumin Mickey, babu mai zagayawa cikin kayan zane yana ɗaukar hoto da jama'a. Ɗaki ne zagayayye mai tulluwa a tsakiya, fitilunsa ba su da ƙarfi, teburan kuma an ba su tazarar da ba ka jin hirar maƙwabcinka. A gefe guda wata mace tana kaɗa garayar Turawa mai tsirkiya da yawa, irin wadda ake jinginawa a kafaɗa, kuma sai mutum ya kasa kunne sosai zai gane cewa wani lokacin waƙoƙin da yaransa suka dame shi da su a mota ne take bi a hankali. Iyakar abin da ya rage na filin wasa a ɗakin ke nan. An kawo wata 'yar kujera ƙarama aka ajiye kusa da uwargida, muna ta tunanin ta mece ce, ashe ta ɗora jakar hannu ce don kada ta taɓa ƙasa. Takardar jerin abincin ma da sunayenmu aka buga ta.

Tsakani da Allah, hidimar ce ta fi komai tsaya mini a rai, kuma na yi imani ita ce rabin abin da ake biya. Mutum biyu ne ke kula da tebur, suna ajiye farantai a lokaci guda, ɗaya ya yi bayanin abin da ke ciki a taƙaice, sannan su ja da baya. Ba a taɓa barin tambulan ya kai rabi ba, amma ban taɓa jin an tsaya mini a kai ba. Da uwargida ta tashi zuwa bayi, kafin ta dawo an canza mata ƙyallen goge hannu, an kuma dakatar da abinci na gaba har sai da ta zauna. Ana ɗauke cokula da wuƙaƙe bayan kowane faranti a kawo waɗanda suka dace da mai zuwa, don haka fargabar da nake da ita ta rasa cokali mai yatsun da zan ɗauka a cikin guda biyar ta zama ba ta da tushe. Har ruwan sha yana da jerinsa, daga ƙasashe daban-daban da farashi daban-daban. Na karanta shi don sha'awa, sannan na ce a ba mu na gida, kuma ko gezau fuskar mai hidimar ba ta yi ba.

Abincin ba zaɓa ake yi daga dogon jeri ba. Babban kuku, wanda tun sake buɗewar Matthew Sowers ne bayan Scott Hunnel ya shafe shekaru masu yawa a kan aikin, shi ke tsara jerin ƙananan farantai da ke biyo juna, kuma jerin yana sauyawa da yanayin shekara. Idan aka haɗa da 'yan lomomin buɗe baki da alewar ƙarshe, abin da ya zo gabanmu ya kai goma. Kowane faranti loma uku ne zuwa biyar. A nan na tafka kuskuren da laifina ne ni kaɗai: da na ga hotunan farantan a intanet sai na ce wannan ai ɗanɗano ne ba abinci ba, na cika cikina da shinkafa da la'asar. Uwargida ta ce, “Alhaji, ka bar wuri, ka san ba a raina abin da ake kawowa bi da bi.” Ban ji ba. Kafin a kai faranti na bakwai na fara numfashi sama-sama, ita kuwa tana ci tana murmushi ba ta ce komai ba.

Farantin da na fi tunawa shi ne na ƙwan kifi. Ƙwai ne na wani babban kifi da ake gishirtawa, ƙanana kamar ƙwayar gero, launinsu tsakanin baƙi da toka, an shimfiɗa su a kan farin kabeji da aka niƙa da madara har ya yi santsi kamar kindirmo mai sanyi. Cokalin da ake ci da shi ba na ƙarfe ba ne, na ɓawon kawa ne mai sheƙi, domin an ce azurfa tana ɓata ɗanɗanon ƙwan. Idan ka sa a baki ka danna da harshe, ƙwayoyin suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, gishirin teku ya fito, sai laushin kabejin ya biyo baya ya kwantar da shi. Loma huɗu ce, amma na fi minti goma a kanta. Bayansa akwai wani farin kifin teku da aka gasa fatarsa ta yi ƙaras-ƙaras alhali tsokar tana rabuwa da ɗan taɓin cokali, a cikin romon man shanu da lemon tsami da aka yi mana ba tare da giya ba. Burodi sau uku aka kawo, kowanne da ɗuminsa kuma da irin man shanunsa, kuma shi ne tarkon da ya kamata mai son kaiwa ƙarshe ya kiyaya. A teburin da ke kusa da mu an kawo naman shanun Japan na yankin Miyazaki, wanda kitse ya ratsa tsokarsa kamar zanen atamfa, yanka biyu kacal a tsakiyar faranti. Ƙamshinsa kawai muka samu.

Dole in faɗi wani abu game da harshe irin namu. Wanda ya tashi da yaji da daddawa da citta da kanumfari zai ji abincin farko kamar an manta da wani abu. Ba mantuwa ba ce, salon girkin ke nan: ana so kifi ya yi ɗanɗanon kifi, karas ya yi na karas, kayan ƙamshi kuma su tsaya a baya. Sai a faranti na uku bakina ya daina neman barkono ya fara jin bambancin da ke tsakanin man shanu mai gishiri da wanda aka ɗan ƙona. Wanda ya san ransa ba zai daina neman tattasai da attaruhu ba, gara ya kai kuɗinsa inda zai ji daɗinsu. Maimakon giyar da ake haɗawa da kowane faranti, akwai jerin abin sha marasa barasa da ake yi da shayi da 'ya'yan itatuwa da ganyayyaki masu ƙamshi. Uwargida ta karɓa, ni na tsaya a ruwa, kuma daga kurɓin da na yi a nata na ga an yi aiki a kansu, ba lemon kwalba ne aka sauya wa tambulan ba.

Gahawar ƙarshe ita kaɗai abin kallo ce. Ana kawo wasu tuluna biyu na gilashi, ɗaya a kan ɗaya, da bututu a tsakaninsu. Ruwa na ƙasa, garin gahawa na sama, sai a kunna 'yar fitila a ƙarƙashi. Idan ruwan ya yi zafi, tururi ya tura shi ta bututun ya hau sama ya haɗu da garin, a bar shi ya ɗan jima, sannan a kashe wutar. Da tulun ƙasa ya fara hucewa sai ya zuƙo gahawar ta cikin mataci ta sauko tatacciya, garin ya tsaya a sama. Mun zuba ido kamar yaran da muka bari a ɗaki, kuma a nan ne na yarda cewa har yanzu a Disney muke, sai dai wasan na manya ne.

Sai lissafi. Farashin da aka sanya tun sake buɗewar 2022, wanda shi muka tarar, dala 295 ne ga mutum ɗaya a babban ɗaki, dala 375 a ƙaramin ɗakin da ke da tebur huɗu kacal mai suna Queen Victoria's Room, da dala 425 a teburin da ke cikin kicin, inda ake ci ana kallon kukuna suna aiki. Jerin abin sha marar barasa kuma dala 110 ne a lokacin. Wannan duk kafin haraji, wanda a yankin kashi 6.5 cikin ɗari ne, da kuma tukwicin ma'aikata, wanda a Amurka ba kyauta ba ce ta ganin dama, al'ada ta mai da shi kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. A wancan farashin, ma'aurata da suka zauna a babban ɗaki suka sha ruwa kawai za su tashi da kusan dala 750, idan kuma dukansu suka karɓi abin shan, lissafin ya haura dala 1,000. Namu ya faɗo a tsakani. Na sa hannu ban juya kuɗin zuwa naira a kaina ba, domin na san idan na yi gahawar za ta dawo.

Ko ya cancanta? A ganina abincin ya kai, hidimar ta wuce, amma akwai wani kuɗin da ba ya cikin takarda. Mutum ya zo Orlando ne domin iyali, ya sayi tikitin filin wasa da tsada, sai ga shi daren guda ya tafi ba tare da yara ba, kuma a daidai lokacin da ake wasan wuta a sama. Wanda ya yini yana taka ƙasa a filin wasan Magic Kingdom ko na EPCOT, musamman tsakanin Yuni da Satumba lokacin da zafi da gumi da ruwan la'asar ke haɗuwa, ba zai iya zaman awa huɗu da nutsuwar da abincin ke buƙata ba, gyangyaɗi zai yi a kan kifin dala ɗari. Mu mun ware ranar ne ba mu shiga filin wasa ba, kuma wannan ita ce dabara ɗaya da na yi daidai. Kwana biyu kafin nan mun ci abinci a wani gidan mai tsada a yankin, wanda ba zan kama sunansa ba, inda muka biya kuɗin alfarma amma muka ci cikin kukan yara da gaggawar ma'aikacin da ke son tebur ya tashi wasu su zauna. Bayan wannan ne na fahimci dokar shekara 10 da na fara gani kamar rashin kara.

Ga mai son abinci mai kyau tare da yaransa, akwai inda ya fi dacewa a cikin harabar. California Grill yana hawa na 15 na otal ɗin Contemporary, wanda jirgin dogo ɗaya ke ratsawa ta cikinsa, kuma daga barandarsa ana kallon wasan wutar Magic Kingdom ana jin kiɗan da ke tafiya da shi. A otal ɗin Animal Kingdom Lodge akwai Jiko, mai girkin da ya ɗebo daga sassan Afirka, da Sanaa, inda raƙumin dawa da jakin dawa ke wucewa ta bayan taga kana yagar gurasar Indiya da miya kala-kala. Yaranmu Sanaa suke ambato har yau, kuma kayan ƙamshinsa sun fi kusa da bakinmu.

Ƙarfe goma ta wuce lokacin da muka fito. An miƙo mana takardar abincin mai sunayenmu a cikin ambulan, aka raka mu har bakin ƙofa. A zauren otal ɗin wani uba yana saɓe da yaro a kafaɗa, takalmin yaron ɗaya a hannun uwar, kuma hayaƙin wasan wutar da ba mu gani ba ya riga ya baje a kan tafkin. A cikin jirgi uwargida ta cire takalminta ta ce idan Allah ya kai mu cikar shekara 20 da aure, teburin kicin take so. Na ce mata to, amma a ranar ba za a dafa shinkafa da la'asar ba.